Yadda ake haɗa ƙananan ƙwayoyin magnetait a ɗakin gwaji, da yadda ake gano naƙasar da ke rage musu ƙarfi

Magnetait, wato Fe3O4, shi ne mafi yawan baƙin yashin nan da ke manne wa mayen ƙarfe idan aka ja shi a hanyar ruwa bayan an yi ruwan sama. Haɗa shi a ɗakin gwaji, kowace ƙwaya da girman nanomita 10 ko kusa da haka (nanomita ɗaya kashi 1 ne cikin miliyan na milimita), aikin awa biyu zuwa uku ne, kuma kusan duk ɗalibin da ya gwada zai samu baƙin gari mai bin mayen ƙarfe. Sai dai bin mayen ƙarfe ba shi ne shaidar cewa aiki ya yi kyau ba. Babban dunƙulen magnetait mai tsabta ƙarfin maganaɗisunsa na kai wa kusan emu 92 a kowane giram (emu ma'aunin ƙarfin maganaɗisu ne). Wanda ake haɗawa ta wannan hanya yakan tsaya tsakanin 50 da 70, wanda aka yi wa riƙon sakainar kashi kuwa ya gaza haka nesa ba kusa ba. Giɓin da ke tsakani daga naƙasar ginin kiristal yake fitowa, kuma mafi yawanta a hannun mai haɗawa take.

Hanyar da zan bi da kai ita ce wadda masanin kimiyyar sinadarai na Faransa René Massart ya bayyana a 1981: a narka gishirin ƙarfe iri biyu a ruwa, a zuba musu alkali, su faɗo tare.

Kayan aiki

- FeCl3·6H2O, giram 5.41, wato mol 0.02.
- FeCl2·4H2O, giram 1.99, wato mol 0.01. In babu, FeSO4·7H2O giram 2.78 zai maye gurbinsa, kuma ya fi sauƙin samu.
- Ruwan amoniya mai ƙarfin kashi 25 cikin 100, mililita 15. In babu, NaOH giram 4.5 a ruwa mililita 100.
- HCl mai kauri, ƙasa da mililita 1.
- Ruwan da aka tace ta hanyar tururi, lita 2. Kada ka sayi ruwan batir a kasuwa ka ɗauka shi ne, sau da yawa asid ne a ciki.
- Kwalbar gwaji mai baki uku ta mililita 500, ko mai baki ɗaya da murfin roba. Bika biyu ko uku, sirinji babba, sandar gilashi, ma'aunin zafi, takardar pH, murhun lantarki.
- Sikeli mai auna har giram 0.001.
- Mayen ƙarfe mai ƙarfi, irin na niyodimiyam. Ana ciro shi daga tsohon faifan ajiya na kwamfuta. Na lasifika ma yana yi, sai dai za ka jira.
- Iskar nitrojin ko argon in akwai. Itanol ko asiton na ɗauraya.
- Safar hannu, tabarau, takunkumi.

Dubi gishirinka da idonka kafin ka auna. FeSO4 mai kyau kore ne mai haske da ya ɗan karkata ga shuɗi. Idan ka ga ya yi ɓawon rawaya ko ruwan kasa, iska ta riga ta cinye wani ɓangarensa, lissafinka ya rushe tun kafin ka fara. Nemi sabuwar kwalba. FeCl3 kuma mai shan damshi ne, da damina yana narkewa a kan takardar awo kana kallo, don haka ka auna shi da hanzari ka rufe.

Abin da ya kamata ka riƙe a kai

A cikin kiristal ɗin magnetait ƙwayoyin oksijin ne ke shimfiɗa gini, ƙarfe kuma ya zauna a guraben da ke tsakaninsu. Ƙarfen iri biyu ne bisa cajinsa: Fe2+ mai caji biyu da Fe3+ mai caji uku. Guraben ma iri biyu ne. A wanda oksijin 4 suka kewaye, Fe3+ ne kaɗai. A wanda oksijin 6 suka kewaye, rabi Fe3+ rabi Fe2+. Maganaɗisun waɗannan gurabe biyu gaba da gaba suke, kamar masu jan igiya: Fe3+ na wannan gefe ya soke Fe3+ na wancan, sai ya rage Fe2+ ne ke rinjayar da igiyar. Louis Néel ne ya fayyace wannan a 1948, kuma yana cikin aikin da ya kai shi ga kyautar Nobel a 1970.

Naƙasa uku ce za ka yi fama da ita. Ta farko, guraben da suka zama fanko. Idan oksijin na iska ya mayar da Fe2+ zuwa Fe3+, dole wasu ƙwayoyin ƙarfe su bar gurbinsu don cajin ya daidaita. In abin ya kai ƙarshe, gurbin ƙarfe 1 cikin 9 ya zama fanko, abin da ke hannunka ya koma maghemait, wani oksaid ɗin ƙarfe da babu Fe2+ a cikinsa, ƙarfinsa kusan emu 75 a giram. Ta biyu, fatar ƙwayar. Ƙarfen da ke waje ba shi da cikakkun maƙwabta, don haka maganaɗisunsa ya karkace, bai bi sahu ba. J. M. D. Coey ya nuna wannan a ƙananan ƙwayoyin maghemait a 1971. Yi lissafin da kanka: ƙwaya mai faɗin nanomita 10, in fatar da ta lalace kaurinta nanomita 1 ne, cikin da ya rage faɗinsa 8 ne, wato kashi 51 cikin 100 na girman ƙwayar kacal. Rabin kayanka ke nan ba ya aiki. Ta uku tana can ciki, inda sassa biyu na kiristal ɗaya suka girma suka haɗu sahunsu bai dace ba. A wannan iyaka maganaɗisu kan juya wa juna baya. An fi ganinta a ƙwayoyin da aka haɗa da zafi mai yawa a cikin mai, waɗanda suka fara zama FeO kafin su rikiɗe.

Mataki na 1: Kori iska daga ruwa

Tafasa ruwan lita 2 na minti 20 zuwa 30, ka rufe shi ruf tun da zafinsa, ka bari ya huce. In kana da nitrojin, busa shi cikin ruwan na rabin awa. Da wannan ruwa za ka yi komai, har ɗauraya. Mutane da yawa kan kiyaye wannan wurin haɗawa, su zo wanki su ɗebi ruwan da ya kwana a buɗe.

Mataki na 2: Narka gishirin ƙarfe

Zuba ruwa mililita 100 a kwalbar, ka ɗiga HCl kamar rabin mililita. Asid ɗin yana hana Fe2+ saurin lalacewa, yana kuma hana Fe3+ yin laka tun kafin lokaci. Fara narka FeCl3. Sai ya narke tas, kayan mataki na gaba duk suna kusa da hannunka, sannan ka zuba gishirin Fe2+. Ruwan zai zama rawaya mai duhu zuwa ruwan lemo, garau, ba gurɓata. In ya yi dishi-dishi, zubar ka sake.

Lissafin shi ne Fe3+ biyu ga Fe2+ ɗaya:

Fe2+ + 2Fe3+ + 8OH- → Fe3O4 + 4H2O

In ba ka da nitrojin, wani ɓangaren Fe2+ zai tafi ko ka so ko ka ƙi. Maganin shi ne ka ƙara shi kaɗan tun farko: FeSO4·7H2O giram 3.2 maimakon 2.78, sannan ka toshe kwalbar da murfin roba, ka bar ƙaramar kafa ta allura. Ka rubuta a littafinka cewa ka yi haka, domin duk wanda zai maimaita aikinka yana bukatar sani.

Mataki na 3: Ɗumama

Kai ruwan digiri 70 zuwa 80 na Salshiyos kana juyawa. Ana iya yi ba tare da wuta ba, in an ɗauke lantarki misali, kuma magnetait zai fito. Amma ƙwayoyin za su fi ƙanƙanta, gininsu ba zai kai na mai zafi tsari ba, ƙarfinsu kuma ya ragu. Ni dai na fi son a jira wuta ta dawo, ko a sa kwalbar cikin tukunyar ruwan zafi a kan risho, nesa da itanol.

Game da juyawa, na'ura mai fanka daga sama ta fi. Ƙaramin sandan maganaɗisu da ake jefawa cikin kwalba yana aiki, amma da zarar baƙin ya fito zai lulluɓe shi, juyawar ta yi rauni. In shi kaɗai gare ka, ƙara masa gudu, ka riƙa taimaka masa da girgiza kwalbar da hannu.

Mataki na 4: Zuba alkali

Nan ne aikin yake, kuma daƙiƙu kaɗan ne ke yanke hukunci. Yi shi a akwatin zuƙe hayaƙi ko a bakin taga mai iska, domin amoniya a kan ruwan zafi tana shaƙe mutum.

Ja amoniyar mililita 15 a sirinji, ka ƙara gudun juyawa, ka tura ta gaba ɗaya cikin daƙiƙu kaɗan. Inda ta fara sauka za ka ga gajimare ruwan kasa ya tashi, kafin ka ƙifta ido kwalbar duka ta koma baƙi ƙirin mai sheƙi, har gilashin ya daina nuna komai. Baƙin nan kake nema.

Dalilin gaggawar shi ne Fe3+ yana faɗowa tun pH na wajen 3, shi kuwa Fe2+ sai an haura 7. In kana ɗigawa sannu-sannu, ruwan zai daɗe a tsakani, Fe3+ ya faɗo shi kaɗai ya fara zama tsatsa irin su gotait, waɗanda ba su da wani ƙarfin maganaɗisu. Daga baya kwalbar za ta yi baƙi, ka ɗauka lafiya lau, alhali tsatsar na ɓoye a ciki tana ƙara nauyi ba ta ƙara ƙarfi. Akwai wata dabarar da ke kauce wa wannan: ka juya tsarin, alkali a kwalba, ruwan ƙarfe a sirinji. Ta haka kowane ɗigo yana faɗawa ne cikin pH mai yawa kai tsaye. Da NaOH wannan hanya ta fi dacewa.

Duba pH da takarda. Kana son 10 zuwa 11. In bai kai 9 ba, ƙara amoniya nan take. Lissafi na cewa mililita 6 sun isa, amma zafi na korar wani ɓangare, shi ya sa muke ninkawa.

In abin da ka samu kore ne mai duhu, Fe2+ ya yi yawa ko alkali bai isa ba. In ruwan kasa ne ko ja-ja, iska ta shiga ko gishirin ya lalace. Kada ka ɓata lokaci kana neman gyara na biyun.

Mataki na 5: Bari ya nuna

Ci gaba da juyawa a zafin nan na minti 30 zuwa 60, kwalba a rufe. A wannan lokaci ƙananan ƙwayoyi na narkewa, manya na ƙara girma, ƙarfen da ya zauna a gurbin da ba nasa ba yana samun damar komawa. Masu gaggawa kan tsallake wannan, kuma yana cikin abubuwan da suka fi rage naƙasa a kyauta.

In ƙwayoyin za su zauna cikin ruwa ne ba tare da sun dunƙule ba, yanzu ake sa musu riga: giram 1 na sitirik asid da aka narka a ruwa kaɗan, a ƙara minti 30. Sai dai ka tuna rigar tana da nauyi amma ba ta da maganaɗisu. Wanda zai auna emu a giram ya ware wani kaso marar riga.

Mataki na 6: Wanki

Sauke, ka bari ya huce a rufe. Juye a bika, ka ɗora ta kan mayen ƙarfe. Cikin minti ɗaya zuwa biyu baƙin zai taru a gindi, wani lokaci ya miƙe tsirara-tsirara kamar ƙaya a daidai bakin mayen, ruwan sama ya washe. Riƙe mayen a gindin bikar, ka tsiyaye ruwan. Cire mayen, zuba ruwan da ka tafasa, motsa da sandar gilashi, sake ɗorawa. Maimaita har pH ya sauko 7, yawanci sau 4 zuwa 6.

Kalli ruwan da kake zubarwa. In yana da launin rawaya ko ruwan kasa da ba ya bin mayen, tsatsar da muka ambata ce, kuma gara ta tafi. Don tabbatar da gishiri ya fita, ɗiga AgNO3 a ruwan wanki na ƙarshe. Farin gajimare na nufin da sauran kuloraid. In FeSO4 ka yi amfani da shi, gwada da BaCl2. Rufe wankin da itanol ko asiton sau biyu.

Kada mayen ya taɓa garin kai tsaye, ba za ka iya raba su ba. Sa shi a leda. Manyan na niyodimiyam kuma suna datse yatsa idan biyu suka haɗu.

Mataki na 7: Busarwa da ajiya

A nan ake asarar aikin da aka sha wahala a kai. Garin da ke da ɗanshi, ga zafi, ga iska, cikin awoyi yake komawa maghemait. Kada ka wuce digiri 60. In akwai tanda mai zuƙe iska, ita ce ta fi. In babu, shimfiɗa shi siriri a faranti na gilashi, ka sa a tukunyar busarwa mai silika ya kwana. Kada ka shanya a rana. Lissafi na ba da giram 2.3, kai kuma za ka samu wajen 2 bayan asarar wanki.

Niƙa a turmin tangaran, a hankali, da takunkumi a fuska. Zuba a ƙaramar kwalba da za ta cika, don iskar da ke ciki ta yi kaɗan, ka naɗe murfin, ka rubuta kwanan wata. Ko da ka yi komai daidai, ƙwayoyi masu wannan ƙanƙanta suna ci gaba da shan oksijin a hankali, daga fata zuwa ciki. Wanda ya ajiye samfuri wata uku kafin ya kai awo, ya sani ba abin da ya haɗa ranar farko ake auna masa ba.

Mataki na 8: Jawo naƙasa da gangan

Wannan mataki nake so kowane ɗalibi ya yi, domin a nan zai ga abin da idonsa. Raba garin kashi uku. Na farko bar shi yadda yake. Na biyu gasa shi a buɗe a digiri 200 zuwa 250 na awa 2. Zai koma ruwan kasa mai ja-ja, kuma har yanzu zai yi tsalle ya kama mayen ƙarfe. Maghemait ke nan, gini ɗaya da na farko, sai dai cike da guraben fanko. Na uku kai shi digiri 650 na awa 2. Zai fito ja kamar jan bulo, mayen ƙarfe kuma da ƙyar zai motsa shi. Ya zama hematait, ginin ya sauya gaba ɗaya, ƙarfinsa bai kai emu 1 a giram ba. Ƙarfe da oksijin ne a duka ukun. Yawan oksijin da kuma wurin zaman kowace ƙwayar zarra ne suka bambanta su.

Mataki na 9: Awo

In za ka iya kaiwa ga na'urar XRD mai fitilar jan ƙarfe, wadda ke nuna ginin kiristal da hasken X-ray, nemi ƙololuwa a jadawalin da take fitarwa a digiri 30.1, 35.5, 43.1, 57.0 da 62.6. In ka ga wata a 33.2, akwai hematait. Don girman kiristal, yi amfani da lissafin Scherrer, D = 0.9λ/(β cos θ), inda λ tsawon zangon hasken ne, β faɗin ƙololuwar a radiyan, θ kuma rabin digirin da ƙololuwar take. Misali, ƙololuwar 35.5 mai faɗin digiri 0.8, wato radiyan 0.014, da λ na nanomita 0.154, tana ba da kusan nanomita 10.

Ga gargaɗin da nake yawan nanatawa: XRD ba ta raba magnetait da maghemait cikin sauƙi. Faɗin ɗakin kiristal na farko nanomita 0.8396 ne, na biyu kusan 0.835. Ƙololuwar 62.6 takan matsa zuwa wajen 62.9 kawai, kuma a ƙananan ƙwayoyi faɗin ƙololuwar ya fi wannan tazara. Rubuta "magnetait zalla" a rahoto bisa XRD kaɗai ba daidai ba ne.

Abin da ke raba gardama yana nan a kusan kowane ɗakin gwajin sinadarai. Narka giram 0.100 na garin a HCl da ruwan da aka kori iskarsa, a kwalba rufaffiya. Ƙara ɗan fosforik asid da alamar difenilamin salfonet, ka ɗiga K2Cr2O7, wato fotasiyam dikuromet, mai ƙarfin mola 0.01 har launi ya koma shunayya. Magnetait cikakke zai sha mililita 7.2. In naka ya tsaya a 4, kusan rabin Fe2+ ya tafi. Ka auna jimillar ƙarfen ma a wani kason, domin danshin da ya rage a garin na iya ruɗar ka. Fe2+ ya kamata ya zama kashi 1 cikin 3 na jimillar. Dikuromet guba ne, kada ka zuba ragowarsa a magudana.

Ƙarfin maganaɗisu da na'urar VSM ake auna shi. Ƙwayoyin da ba su kai nanomita 20 ba layin da na'urar ke zana musu kan lanƙwasa ya ratsa ta kusa da sifiri, ma'ana da zarar an janye mayen ba sa riƙe komai, zafin ɗaki kaɗai ya isa ya wargaza sahunsu. Wannan hali ne ya sa ake son su a aikin hoton MRI na asibiti da kuma tsamo gubar dalma ko kuromiyam daga gurɓataccen ruwa, irin wanda masana'antun jima ke fitarwa. Masu na'urar da ke sanyaya samfuri su nemi sauyin ginin kiristal ɗin magnetait da masanin kimiyya Verwey ya gano a 1939, wanda ke faruwa wajen Kelbin 120. Guraben fanko kaɗan sun isa su shafe shi, don haka ganinsa shaida ce mai ƙarfi.

In babu VSM, sikeli zai ba ka kwatanci. Cusa miligiram 50 na garin a guntun tsinken shan lemo, ka toshe bakin biyu ya matse. Ɗora shi kan wani abu na roba mai tsayin santimita 20 a kan sikeli, don mayen ya yi nisa da sikelin. Mayar da awo sifiri, sannan ka kawo mayen sama da samfurin, a maƙale a wani katako da ba ya motsi, tazara ɗaya ga kowane samfuri. Nauyin da ya ragu shi ne jan da mayen ke yi. Fara gwadawa da tsinken da babu komai a ciki. Wannan ba zai ba ka emu ba, amma zai jera maka baƙi, ruwan kasa da ja bisa ƙarfinsu, zai kuma nuna maka bambancin haɗin da aka yi da zafi da wanda aka yi a sanyi.

Ga masu niyyar wucewa zuwa ZnO ko TiO2 (oksaid ɗin zinki da na taitaniyam)

A magnetait naƙasa rage ƙarfi take yi. A wasu oksaid da asalinsu ba su da maganaɗisu, ana ganin ita ce ma ke haifar da shi. A 2004 ƙungiyar Coey a Dublin ta ba da rahoton maganaɗisu a siraran shimfiɗun HfO2, a 2006 kuma masu bincike a Bangalore ta Indiya suka ba da irinsa a ƙananan ƙwayoyin CeO2, ZnO, Al2O3 da wasu, suka danganta shi da guraben oksijin a fatar ƙwayoyin. Har yau ana muhawara a kai, domin a 2005 wasu masu bincike sun nuna cewa taɓa samfurin HfO2 da hantsakin bakin ƙarfe kaɗai na iya ba da irin wannan alama.

Ƙarfin da ake magana a kai ɗan mitsitsi ne, sau da yawa wajen emu 0.001 a giram. Magnetait kashi 1 cikin 100,000 ya isa ya ba da wannan adadi. Saboda haka kwalba, turmi, sandar juyawa da farantin da suka taɓa aikin da muka yi a sama kada su kusanci ZnO ɗinka. Ware masa nasa kayan, ka jiƙa gilashin a HCl ya kwana kafin amfani, ka ɗebi gari da cokalin roba ko na tangaran, kuma ka auna mariƙin samfurin shi kaɗai a VSM kafin ka sa komai a ciki.